Farar tokar tuffa: almakashi, farar wuta, maganin kanti ko haɗin gida, wanne ya kamata ka kashe wa kuɗi?

Duk wanda ya shuka tuffa a Filato ko a Mambila ko bai san sunanta ba ya san ta da ido. Zaka fito da safe kaga sabon toho a bakin reshe ya yi fari kamar an barbaɗa masa toka, ganyen ya ƙi buɗewa ya tsaya siriri gefensa na naɗewa sama, in ka murza da yatsa farin ya biyo hannunka. Ni farar toka nake ce mata, wasu su ce fumfuna, a jikin ledar magani kuma powdery mildew zaka ga an rubuta. Ina da bishiya arba'in da 'yan kai a gefen Vom, yawancinsu irin tuffar da ake kira Anna ne sai irin Dorsett Golden da na saka jefi-jefi a tsakani saboda su taimaki juna lokacin fure, kuma wallahi ba abin da ya ci min kuɗi da lokaci a gonar nan kamar wannan cutar. Shi yasa nake son na ɗauko hanyoyin da na gwada na ajiye su gefe da gefe, don wanda yake tsaye a shagon maganin gona da kuɗi a hannu ya san me zai ce a ba shi.

Amma kafin nan ka tabbatar ita ce. A hunturu hazo yana zuba ƙura a kan komai, mutane da yawa sukan ga ganye ya yi fari su ruga sayen magani alhali ƙura ce kawai. Ƙura tana kwanciya a saman ganye, tsoho da sabo duk ɗaya, ka watsa ruwa ta tafi ganyen kuma lafiyarsa ƙalau. Ita farar toka sabon ganye take bi, ta ƙarƙashi take farawa, kuma ganyen da ta kama siffarsa tana canzawa, ya ƙanƙance ya yi tauri daga baya ya yi ruwan ƙasa ya bushe. Akwai kuma wani ƙwaro da ke yin fari kamar auduga a jikin ɓawo musamman inda aka yanka reshe, in ka latse shi sai kaga ja-ja a yatsanka, wannan ƙwaro ne ba fumfuna ba, maganinsa daban.

Abin da ya canza min tunani gaba ɗaya shi ne ranar da na gane inda cutar take kwana. Sunanta a wajen masana Podosphaera leucotricha, kuma ba ta iya rayuwa sai a jikin abu mai rai, ba a ƙasa take ba, ba a busasshen ganyen da ya faɗi take jira ba, cikin idon reshe, wato ɗan ƙullin da toho ke fitowa daga ciki, take shiga ta kwanta. Idon da ta kama yakan makara wajen fashewa da 'yan kwanaki, in ya fashe kuma tohon gaba ɗaya da farinsa yake fitowa, shi ne zai riƙa sakin farin garin nan, wanda shi ne irin cutar, iska tana kwasa tana rabawa sauran ganyaye. A ƙasashen Turai da Amurka in sanyi ya kai kamar digiri 24 ƙasa da sifiri yana kashe idanun da suka kamu, sai su fara shekara da sauƙi. Mu nan ina muka ga wannan sanyin? Sanyin Jos da muke kuka da shi a Disamba da Janairu ko kusa bai kai ba, wato duk abin da ka bari a reshe bara yana nan yana jiranka bana. Kuma yanayin da ta fi so, daga digiri 10 zuwa 25, da ɗan laima a iska, shi ne yanayinmu kusan duk shekara. Abin mamakin ma ba ta buƙatar ruwa ya jiƙa ganye, ruwan sama mai ƙarfi wanke garin yake yi, shi yasa zaka ga ta fi tashi lokacin da ba ruwa amma akwai raɓa da dare, ko farkon damina da ƙarshenta. Manoman tuffa na Batu a Indonesiya da na Chencha a tsaunukan Habasha duk suna fama da ita, don su ma tudu ne a ƙasa mai zafi kamar mu.

Toh, bari na fara da abin da bai kamata ka saya ba, don nan ne kuɗin mutane ke tafiya. Mu a nan yankin dankalin turawa ne, kowane shago cike yake da mankozeb da kuma haɗin metalaksil da mankozeb, don su ne ake fesa wa dankali da tumatir in baƙar cutar damina ta zo. Kana cewa fumfuna mai shago zai miƙo maka su, ba don mugunta ba, abin da ya sani kenan kuma a dankali suna aiki. Shekarata ta biyu na fesa su sau huɗu ina jiran farin ya tafi, ko gezau, kullum sai ƙaruwa. Daga baya ne wani malamin gona ya ce min "Malam, ai wannan ba layinsu ba ne." Metalaksil an yi shi ne don wani jinsi daban kwata-kwata, mankozeb kuma yana da amfani a tuffa amma ga wata cutar ce, wadda ke yin baƙin tabo a ganye da 'ya'ya lokacin ruwa, farar toka kam ba ya hana ta. Maganin jan ƙarfe mai ruwan shuɗi ko kore ɗin nan ma ƙarfinsa a kanta kaɗan ne, in ka fesa shi bayan fure kuma yana iya sa fatar tuffar ta yi kaushi. Waɗannan ukun cire su daga lissafi.

Na farko a cikin masu aiki ba ma magani ba ne, almakashi ne. Tunda cutar a ido take kwana, duk reshen da ka datse mai cuta ka rage mata gida kenan. Lokacin da muke tsige ganye da hannu don bishiyar ta huta ta sake fure, a nan ne ake ganinsu sosai, bakin reshen zaka ga ya yi fari-fari kamar azurfa, idanunsa ƙanana ne masu tsini ba su rufe da kyau ba, ba kamar lafiyayyu masu kumburi ba. Ni nakan yanke shi na haɗa da ido biyu ko uku na ƙasa da inda farin ya tsaya. Bayan an fara toho kuma ina zagayawa sau biyu a sati da bokiti mai ɗan ruwa a ciki, duk tohon da ya fito da fari na ƙille shi a hankali na jefa a ruwan, don in ka fizge ka jefar a ƙasa ko ka riƙe su tuli a hannu kana yawo kai da kanka kake raba garin. Kar ka manta da rassan da ke tsirowa daga gindi ƙasa da wurin aure, wato inda aka haɗa reshen iri da gindin dashen, su ma matattara ce. Amfaninsa ba ka biya ko kwabo, ba ƙona ganye, ba maganar cutar ta saba da shi. Illarsa ƙafa da lokaci, kuma in bishiya ta yi tsawo na sama sai sun kuɓuce maka, in gonar maƙwabci tana da ita kuma iska za ta kawo maka sabuwa. Mai bishiya uku ko biyar a gida almakashi kaɗai yana iya riƙe masa ita a shekarar da ba ta yi tsanani ba. Mai arba'in kamar ni ba zai isa ba, amma duk maganin da zan ambata a ƙasa in ba a yi wannan ba rabin aiki yake yi, na gani da idona, layin da na datse da wanda ban samu na datse ba feshi ɗaya aka yi musu amma ko yaro zai nuna maka bambancin.

Sai farar wuta, wato salfa. Ita ce ginshiƙin feshi na, kuma a kanta zan daɗe don ita ce mutane suka fi rainawa saboda arha. Tun wajajen 1850 manoman inabi a Faransa da ita suka ceci gonakinsu daga irin wannan cutar, har yau kuma fumfunar ba ta saba da ita ba, don ba ta hanya ɗaya take kashe ta ba. Wanda ake so shi ne na leda mai narkewa a ruwa, galibi zaka ga an rubuta 80% a jiki. Ba farar wutar dutse da ake sayarwa a wajen 'yan koli ba fa, waccan ko ka daka ta ta yi laushi yawo za ta riƙa yi a saman ruwa ta toshe maka bakin famfon feshi, abin da zai isa ganye kaɗan ne. Ledar da nake saya gram 3 a lita ta ce, wato kamar gram 45 zuwa 50 a injin goyo mai lita 16, amma kai ka duba taka don ba duka ɗaya ba ne, kuma ka riƙa girgiza tankin kana tafiya saboda tana kwanciya.

Yadda take aiki shi ne ya kamata a gane. Riga-kafi ce, tana zama a saman ganye ta hana garin tsirowa, ba ta shiga jiki, kuma ganyen da ya fito bayan ka fesa ba shi da kariya ko kaɗan. Toh sabon ganyen ne kuma cutar take so, ganye in ya yi 'yan kwanaki ya fara ƙwari da wuya ta kama shi. Shi yasa dole a maimaita duk kwana 7 zuwa 10 muddin bishiya tana fitar da sabon toho, in an yi ruwa mai ƙarfi kuma a sake. Ana farawa tun ido ya fashe ganye bai kai farcen yatsa ba, ba sai kaga fari ba. Yawancin masu cewa farar wuta ba ta aiki jira suka yi gona ta yi fari sannan suka fesa sau ɗaya suka zauna.

Haɗarinta kuma na gaske ne, zafi. In rana ta haura digiri 30 tana ƙona ganye, wani lokaci har 'ya'yan, kuma a Jos watan Maris da Afrilu muna kaiwa nan da rana tsaka. Sannan ba ta shiri da mai ko wane iri ne. Wata shekara na fesa man darbejiya, bayan kwana biyar na bi da farar wuta da hantsi a watan Maris, kwana biyu na dawo na tarar da gefen ganyayen sun yi ja sun ƙandare kamar an gifta da wuta a ƙarƙashinsu, 'yan ƙananan tuffa da suka fara kamawa suka riƙa zubowa, na tsaya a tsakiyar layin nan na rasa abin cewa, aikin wata uku ne ya tafi. Tun daga nan aƙalla sati biyu nake bari tsakanin mai da farar wuta, in da hali ma fiye, kuma feshi na da yamma ne liƙis bayan la'asar ko da sassafe a ranar da na ga ba za a yi zafi ba. Tana kuma shiga ido da maƙogwaro, ka sa takunkumi da tabarau, ka tsaya iska na bayanka. Lokacin da fure ya buɗe sosai ƙudan zuma na aiki nakan ɗaga mata ƙafa, don ana cewa tana iya rage kamun 'ya'ya kuma ni ma ba na son fesa komai a kan zuma.

Yanzu maganin kanti mai shiga jikin ganye. Waɗanda suka fi aiki a kanta kuma ake iya samu su ne dangin triazole, ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan sunan kamfani, zaka ga myclobutanil ko penconazole ko hexaconazole ko tebuconazole. Akwai difenoconazole shi ma danginsu ne kuma ya fi yawa a kasuwa, amma ya fi ƙarfi a kan baƙin tabo, a farar toka bai kai 'yan uwansa ba. In ka kwatanta su da farar wuta bambancin a fili yake: suna shiga cikin ganye, ruwan sama bayan 'yan awanni ba ya wanke su, suna iya tsayar da cutar da ta shiga kwana biyu ko uku da suka wuce tun ba ta fito fili ba, tazarar feshi tana kaiwa kwana 10 zuwa 14, kuma ba su da matsalar zafi irin ta farar wuta. Ranar da na fara amfani da ɗaya daga cikinsu sati ɗaya sabon tohon ya fito kore shar, raina ya yi fari ƙal, na ce shikenan na samu mafita.

Amma fa akwai magana. Na ɗaya tsada, kwalba ƙarama ta fi ledar farar wuta kuɗi nesa ba kusa ba, ga jabu a kasuwa, dole ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kuma ka saya inda ka yarda da su. Na biyu wanda ya fi damuna, waɗannan ta ƙofa ɗaya suke kashe fumfunar, in ka dage kana fesa su a kai a kai waɗanda suka tsira sai su hayayyafa, bayan 'yan shekaru ka fesa kamar ka fesa ruwa. Ya faru a gonakin tuffa a ƙasashen waje ba labari ba ne. Kuma canza kamfani ba canza magani ba ne, in ka bar tebuconazole ka koma hexaconazole gida ɗaya kake, a jikin wasu kwalaben zaka ga lambar rukuni, duk waɗannan rukuni na 3 ne. Ni dokar da na sa wa kaina kar na wuce sau biyu a jere, kuma kar na wuce uku a zagaye ɗaya na fure zuwa girbi, kuma ina ajiye su ne don lokacin da ya fi tsada, wato daga sanda furen ya yi ja-ja bai buɗe ba zuwa bayan ya zube. A wannan tsakanin ne cutar ke kashe fure ko ta bar wa tuffa zane mai kaushi kamar raga a fata, irin wanda in ka kai kasuwar Faringada ko ta Terminus a Jos mai saye zai juya ta ya ajiye ya ɗauki ta waje mai sheƙi. Sannan kwanakin jira kafin girbi da aka rubuta a kwalba ba ado ba ne, yara ne za su ci abin nan da ɓawonsa.

Wani gargaɗi da nake so kowa ya ji: azoxystrobin. Yana nan a shaguna da yawa, sau da yawa a haɗe da difenoconazole, masu tumatir da kayan lambu suna yabonsa kuma yana da kyau a wajensu. Amma sananne ne yana ƙona wasu irin tuffa ƙona mai muni, har kamfanonin da ke yin sa a Amurka sukan rubuta a takardarsa cewa kar ma a yi amfani da injin da aka fesa shi a kan tuffa, don ɗan ragowar da ya saura a tanki ya isa. Mu nan da yawanmu ba mu da tabbacin asalin irin da aka sayar mana, sunan da mai renon dashe ya faɗa kawai muka riƙe, toh me zai kai ka gwaji? In kana aron injin feshi daga mai tumatir ka tambaye shi me ya zuba a ciki na ƙarshe. Ɗan uwansa trifloxystrobin ana amfani da shi a tuffa kuma yana aiki a farar toka, amma shi ma cutar tana saurin sabawa da rukuninsu. Carbendazim kuma tsohon magani ne da fumfuna iri-iri suka daɗe da sabawa da shi, ban sa shi a lissafina ba.

Sai haɗe-haɗen gida, waɗanda aka fi tambayata a kai don kowa yana son abin da ba guba. Soda ta girki, wato bekin soda ba bekin hoda na kek ba don su biyun ba ɗaya ba ne, ana zuba kamar gram 5 a lita da ɗigon sabulun ruwa. Tana busar da farin da ta taɓa, kaga ya dushe washegari, amma ba ta barin kariya, bayan kwana kaɗan ya dawo, kuma gishirin da ke cikinta in ya yi yawa yana ƙona bakin ganye. Wadda masu noman zamani ba sinadari suke amfani da ita a waje ita ce potassium bicarbonate, ta fi ƙarfi ta fi sauƙi a ganye, sai dai samunta a nan aiki ne. Wani ya tambaye ni kanwa fa, tunda ita ma dangin soda ce? Gaskiya ne akwai irin sinadarin a cikinta, amma kanwa ƙarfinta ya fi kuma kowane dunƙule da nasa, ungurnu daban jar kanwa daban, ga ƙasa a ciki, ba yadda zaka auna ka san me ka zuba. Ni ba zan fesa ta a sabon tohon tuffa ba.

Man darbejiya yana da rana, amma ba inda ake kai shi ba. Kamar mililita 5 zuwa 10 a lita, a fara kaɗa shi da sabulu a ɗan ruwan ɗumi kafin a zuba a tanki in ba haka ba zai tashi sama. Yana lulluɓe farin ya rage shi, yana kuma taimakawa a kan ƙananan ƙwari masu tsotsar toho, wato jifa ɗaya tsuntsu biyu. A kan cuta mai sauƙi a bishiyar gida ya wadatar. A shekarar da ta taso da ƙarfi bai riƙe min ita ba, kuma babbar matsalarsa a wajena ita ce yana rufe maka ƙofar farar wuta na sati biyu, wato ka ajiye mai ƙarfi saboda mai rauni. Dole ka zaɓi layi ɗaya, ko na mai ko na farar wuta. Jiƙa ganyen darbejiya a ruwa kuma ba shi ne man ba, ban ga ya yi wani abu a kanta ba.

Madara kuwa ba tatsuniya ba ce kamar yadda wasu ke zato. Wani masani a Brazil mai suna Wagner Bettiol ya wallafa bincike a 1999 inda ya nuna madarar shanu da aka surka da ruwa tana rage farar toka sosai, amma a kan wani irin kabewa ya yi gwajin, a cikin rumfar gilashi, kuma fumfunar kabewa jinsinta daban da ta tuffa. Wannan ma abin sani ne, farar tokar da kake gani a kuɓewa ko kabewa ko hudar mangwaro ba ita ke tsallakowa kan tuffa ba, kowacce da abincinta. Na gwada kashi ɗaya madara kashi tara ruwa a bishiya biyu na bayan gida, sau biyu a sati, ta ɗan rage a ganyen da rana ke bugawa, na cikin inuwa kuwa ba canji. Ka lissafa lita nawa zaka saya wa bishiya arba'in sau biyu a sati, ga tsami a tanki in ba ka wanke nan take ba. Ga mai bishiya ɗaya da shanu a gida ba laifi ya gwada, ga mai gona ba hanya ba ce.

Akwai abu biyu da ba feshi ba ne amma suna yanke hukunci tun kafin a kai ga feshi. Na farko iri. Jonathan da Idared da Rome Beauty da Granny Smith an san su da saurin kamuwa, Red Delicious kuma yana da juriya, amma mu matsalarmu ba kowane iri ke yin fure a nan ba saboda yawancinsu suna son dogon sanyi, shi yasa muke maƙale da irin su Anna da aka samar a Isra'ila da Dorsett Golden da ya fito daga Bahamas, masu buƙatar sanyi kaɗan. A gonata Anna ta fi kamuwa, amma ita ce mai 'ya'ya, ba zan sare ta ba. In zaka sayi dashe dai ka duba bakin tohon da kyau, kar ka sayi cuta da kuɗinka ka kawo gida. Na biyu taki. Yuriya da kashin kaji in suka yi yawa bishiya sai ta yi ta fitar da toho mai laushi ba tsayawa, kai kana murna ta yi kore ita kuma cutar abincinta ke ƙaruwa, kuma kwanakin feshinka suna ƙaruwa don muddin akwai sabon ganye ba ka gama ba. Da na rage kashin kaji na raba shi kashi biyu, na kuma buɗe tsakiyar bishiyoyin iska da rana suna shiga, feshin da nake yi a zagaye ya ragu.

Toh wanne zaka ɗauka? In bishiyarka ba ta wuce biyar ba a tsakar gida, yara na wasa a ƙarƙashi, almakashi da bokiti sau biyu a sati, ka ƙara da man darbejiya ko soda da yamma in kaga ta fara yawa, ba ka buƙatar kwalbar kanti. In kana da goma zuwa sama kuma sayarwa kake, almakashi lokacin tsige ganye, farar wuta daga fashewar ido duk sati ko kwana goma, triazole sau biyu a gefen fure, ɗaya kafin ya buɗe ɗaya bayan ya zube, sai ka koma farar wuta har toho ya tsaya, mai kuma ka manta da shi a wannan zagayen. In lokacin tohonka ya faɗo a tsakiyar zafin Maris da Afrilu, nan ne triazole zai karɓi wani feshin da farar wuta za ta yi, ko kuma ka matsar da lokacin tsige ganyen in kana da ruwan ban ruwa. In kuma gonar ta riga ta yi fari ka makara, kar ka zuba kuɗi a maganin kanti kana jiran ganyen da ya naɗe ya miƙe, ba zai miƙe ba, kuma fesa triazole a kan tulin cuta shi ne hanya mafi sauri ta koya mata jure shi. Ka datse abin da ya lalace ka kwashe, ka kare sabon da zai fito da farar wuta, ka ɗaura tsumma a bishiyoyin da suka fi kamuwa don in lokacin tsige ganye ya zo ka fara da su.